Ruwan Ƙarƙashin Bado

Ruwa ya kai wa Ɗelu ƙugu lokacin da ta ji motsin jirgi a bayanta. Ba ta waiwaya ba. Ta sa ƙwarya ta ture ganyen bado gefe, ta jira ruwan ya kwanta, sannan ta soma ɗiba a hankali tana zubawa a tulu. Haka take yi kowace safiya. Sauran matan Madarunfa a bakin tafki suke tsayawa, inda shanu suka dama ruwa, su cika tulunansu su wuce. Ɗelu kaɗai ke kutsawa cikin ciyawa ta wajen tsamiya, inda ruwa yake garau, ga sanyi kamar ya kwana a randa. Duk garin an san ruwan Ɗelu.

"Matsa, tsohuwa! Gwamnati ta zo kamun kifi da ƙafar wando."

Alhassan masunci ne, taubashinta, wanda ba su haɗuwa ba su taɓa juna ba. Yana tuƙa wani baƙo mai kayan kaki. Baƙon yana jan wani farin ƙyalle a cikin ruwa, dogo, mai faɗin baki, an ɗaura ƙaramar kwalba a ƙarshensa.

"Kai da taru ma ba ka kama na kirki ba, sai da wando?" in ji Ɗelu.

Baƙon ya yi dariya, ya gaishe ta da ladabi. Sunansa Ibrahim, ana ce masa Mushe Ibrahim kamar yadda ake kiran ma'aikatan gwamnati, ɗan Safo ne, ya yi lakwal, wato karatun boko, har bakin teku. Shekarar nan ce ruwa ya dawo bayan babban fari, kifi ya ƙare a tafki, hukuma tana so ta zuba sabbin 'ya'yan kifi. Shi aka turo ya duba ko akwai abin da za su ci.

"Kifi ai ruwa yake sha," in ji Ɗelu.

"Inna, in kin sami sukuni ki zo gindin tsamiya da hantsi. Zan nuna miki tuwon kifi."

Ta ɗora tulunta ta tafi, tana cewa a ranta karatu ma wani ciwo ne.

A gida ta tarar da jikarta Jummai ta tashi tana kuka. Shekararta uku. Ɗelu ta ɗebo sabon ruwa a moɗa ta ba ta, yarinyar ta shanye har tana ajiyar zuciya. Sauran ta juye a randa.

A da ba a gidan nan tulun farko yake sauka ba. Gidan Ramatu ake kai shi, uwar Jummai. Ramatu ita ce 'yar farin Ɗelu, kuma Ɗelu mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ba tun ranar suna. Ba ta goya ta a gaban mutane ba, ba ta yi mata wasa ba. In za ta yi zancenta sai ta ce "yarinyar can." Da aka yi wa Ramatu aure a unguwar gaba, Ɗelu ba ta shiga gidan. Abu ɗaya take yi. Kowace safiya ta ajiye tulun ruwan ƙarƙashin bado a bakin zaure, ta ɗauki na jiya, ta juya. Ba sallama, ba magana. Ramatu ta gane, ba ta shan wani ruwa sai shi.

Wadda ta yi wa Ramatu gata a fili ita ce Lantana, ƙawar Ɗelu tun suna 'yan mata. Gidan su Lantana ba su salla, addinin kakanni suke bi, sana'arta kuwa dafa giya. Wannan bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Lantana ce ta goyi Ramatu, ita ta yi mata kitso, ita ta raka ta ɗakin miji. Da Ramatu ta sami ciki na biyu, Lantana ta murza farin zare ta ɗaura mata a idon sawun hagu, irin tsarin da suke yi wa masu ciki a gidansu.

Da damina ta faɗi, daidai inda zaren yake, ƙafar ta yi bororo. Ya fashe, kurkunu ya leƙo, fari, siriri, kamar zaren. Aka soma naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan. Kwana tara ya tsinke. Ƙafa ta kumbura har cinya, haƙora suka sarƙe, jiki ya sandare. Aka sa ta a motar gyaɗa zuwa gidan likita na Maraɗi. Ba ta kai la'asar ba. Ta tafi da cikinta.

Ɗelu ba ta yi kuka a gaban kowa ba, don ba a kukan ɗan fari. Amma ranar bakwai, a bakin tafki, gaban mata kusan talatin, ta nuna Lantana da yatsa.

"Zarenki ne ya shige mata ƙafa. Ku duba, jama'a. Wane gida ne kurkunu bai shiga ba a garin ga? Nata kaɗai."

Gaskiya ne kuwa. Kurkunu ya kwantar da rabin gari a lokacin noma, amma bai taɓa Lantana ba, bai taɓa mijinta Kanta ba, bai taɓa 'ya'yansu ba, shekara da shekaru. Maganar ta zauna. Mata suka daina ɗora wa Lantana tulu. In ta iso bakin ruwa sai a janye yara. Aka zuba mata toka a ƙofar gida. Daga baya mai unguwa ya kira Kanta ya ce don zaman lafiya gara su nemi wani wuri. Gobe da sassafe za su tashi zuwa Gabi, wurin dangin Kanta. Kowa ya sani. Ɗelu ma ta sani, ta ce Allah ya raka taki gona.

Da hantsi hayaniya ta tashi a gindin tsamiya. Ɗelu ta goya Jummai ta tafi ganin tuwon kifi.

Mushe Ibrahim ya kifa akwati, ya ɗora wani baƙin ƙarfe mai bututu da ɗan madubi a ƙasa. Mata sun yi layi. Kowace ta sa ido sai ta yi baya tana salati. Wata ta tofar da yawu, wata ta rantse sihiri ne aka sa a cikin bututun.

"Ba sihiri, wallahi," in ji shi. "Ɗigon ruwa ne, madubin ya ƙara masa girma. A can bakin teku ciyawa tana fitowa a ƙarƙashin ruwan gishiri kamar gonar shinkafa. Shekara biyu na yi ina ƙidaya 'yan halittun da ke ɓuya a cikinta. Inda ciyawa take, nan suke taruwa, nan kifi ke haihuwa, don abinci a bakin ƙofa yake. Ban zaci zan ga irin haka a gida ba."

Murna yake yi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya ɗaga kwalba biyu.

"Wannan daga tsakiyar tafki. Iri uku na gani, su ma tsiraru. Wannan kuwa daga cikin ciyawa. Iri tara, na gaji da ƙidaya! Tafkinku da rai yake."

"To mu da muke sha fa?" in ji wata.

"Ku kawo na Ɗelu," in ji Alhassan. "Nata ko aljani ba ya wanka a ciki. In an ga ƙwaro a nata, na bar kamun kifi."

Aka yi dariya. Ɗelu ta ji daɗi a ranta, ko da ba ta nuna ba. Ta koma gida da kanta ta ɗebo cikin ƙwarya daga randa. Ta ɗaga ta a rana don kowa ya gani. Ana hango zanen gindin ƙwaryar.

Mushe Ibrahim ya zuba rabin ruwan ta cikin ƙyallensa, ya ɗauraye abin da ya rage a ɗan faranti, ya ɗiga a ƙarƙashin bututu.

"Bismilla, Inna. Rufe ido ɗaya."

Da farko haske kawai ta gani. Sai hasken ya motsa.

Kasuwa ce. Wasu zagaye kamar ƙwayar wake, ana ganin cikinsu yana bugawa. Wasu da gashi a baki yana juyawa kamar mazari. Wasu dogaye masu ƙahoni biyu, suna zabura, su tsaya, su sake zabura. Wata tana jan jaka biyu na ƙwai a gindinta. Suna karo da juna, suna ci, suna gudu. Ɗelu ta ɗago kai ta dubi ƙwaryarta. Ruwa garau. Ta sake sa ido. Suna nan.

"Innalillahi," ta ce. "Wanga a randata?"

"Naki ya fi na kowa," in ji shi da fara'a. "Kin iya zaɓen wuri, Inna. Kin ga mai ƙahonin nan, mai jan ido ɗaya a goshi? Ƙumar ruwa ke nan. Ita 'ya'yan kifi suka fi so. Bari in kamo miki ita sosai."

Ya sunkuya, ya murɗa wani ƙarfe. Ya daɗe. Da ya ɗago, fara'ar ta tafi.

"Akwai masu kurkunu a garin nan?"

"Tambayi waɗanda ba su da shi, ya fi sauri," in ji Alhassan.

"Matsa in gani," in ji Ɗelu.

"Inna, bari dai."

Ta ture hannunsa. Ƙumar ta cika hasken duka. Jikinta kamar kwalba, ana ganin ciki. A cikin cikin akwai wani abu fari, siriri, ya naɗe, yana miƙewa yana lanƙwashewa. Ɗelu ta san shi. Ta gan shi a naɗe a tsinke kwana tara.

"Mi ne ne wannan?"

Ya faɗa, don mata sun zuba masa ido. Ya ce ɗan kurkunu ne. Mai kurkunu in ƙafa ta yi masa zafi ya tsoma ta a ruwa, uwar tana zubar da 'ya'ya dubbai. Ƙumar ruwa ta haɗiye su. Mutum ya sha ƙumar bai sani ba. Abin ya zauna a jiki yana girma, sai shekara ta zagayo ya nemi hanyar fita, yawanci ta ƙafa.

"Shekara," in ji Ɗelu.

"Kamar shekara."

"Ba zare ba ne? Ba a ɗaura wa mutum shi?"

"Ba a ɗaurawa, Inna. Sha ake yi. Amma sai in wani mai shi ya shiga ruwan. Wajen ciyawar nan da nisa, ban san wa ke shiga da..."

Bai ƙarasa ba. Ya ga duk matan sun sunkuyar da kai, suna kallon wuri ɗaya. Ya bi idonsu. A ƙaurin Ɗelu na dama akwai tabo baƙi, zagaye, kamar an ɗana mata wuta. A ƙasansa akwai wani, sabo, na daminar bara.

Ba wanda bai tuna ba. Daminar da ta gabaci rasuwar Ramatu, kurkunu ya fito wa Ɗelu, wata biyu tana dogara sanda. Mata suka ce ta huta za su ɗebo mata. Ta ƙi, don su na bakin tafki za su kawo. Kowace asuba take ɗingisawa, da tsinken a ɗaure a ƙafa, ta shiga cikin bado har ƙugu. Takan ce sanyin ruwan ma yana kashe mata zafin. Ta cika tulu, ta kai bakin zauren yarinyar can. Ko kwana ɗaya ba ta fasa ba. An yi ta yabonta a lokacin.

"Inna," in ji Mushe Ibrahim, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba a iya sanin wane ruwa ne. Ni ba likita ba ne, mai kifi ne."

Ɗelu ba ta ji shi ba. Jummai ta motsa a bayanta ta ce, "Kaka, ruwa," tana miƙa hannu ga ƙwaryar. Ɗelu ta kai wa ƙwaryar duka, ta kife a ƙasa. Yarinyar ta fashe da kuka.

"Ta sha da safe," in ji Ɗelu. Ba da kowa take ba. "Ni na ba ta."

"Ba duk wanda ya sha yake kamuwa ba. Daga yau dai a tace. Ƙyalle mai ƙaramin ido ya isa, ƙumar ba ta wucewa. Ko a tafasa."

"A tace," in ji Alhassan a hankali. Yau babu wasa a bakinsa. "Wa ke tace ruwa a garin ga?"

Kowa ya san amsar. Mai dafa giya ba ta zuba ruwa a tukunya sai ta tace, don kada giyar ta lalace. Hannun Lantana ya saba, har na randar sha sai ta bi da shi ta mataci. Ɗelu da bakinta ta sha yi mata ba'a, tana cewa, "Ƙawa, ke ko ruwan sama sai kin tace?"

Ɗelu ta koma gida. Ta tuntsurar da randa, ruwa ya malale tsakar gida, kaji suka taru. Ta zauna a bakin ɗaki. Azahar ta yi, ba ta tashi ba. Ta duba tabon ƙafarta kamar yau ta fara ganinsa. Wata goma sha uku tana kwana da tashi da wutar Lantana a zuciya, wutar ce ma take riƙe ta a tsaye. Yanzu an janye, ba ta san inda za ta jingina ba.

Jummai ta sake cewa ruwa. Babu ruwan da Ɗelu za ta iya ba ta a duk gidan.

Ta goya ta, ta fita.

A gidan Lantana an kwance rumfa. Tukwane a kife, an ɗaure su da igiya. Kanta yana gyara wa jaki mangala, da ya ga mai shigowa sai ya bar aikin ya fita waje. Lantana tana durƙushe tana ƙulle ƙwarya cikin zane. Ta rame, kanta ya yi fari fat. Ta ɗago ta dubi Ɗelu, ta ci gaba da ƙullinta.

"Yarinyar na jin ƙishirwa," in ji Ɗelu.

Lantana ta tashi ta ɗebo ruwa a randar da ba a kife ba tukuna. Jummai ta sha, ta riƙe mata yatsa. Lantana ta kau da kai.

"Ƙawa..."

"Ƙawarki ta mutu ranar bakwai. Mi kike so?"

Ɗelu ta faɗa mata. Bututun, ƙumar, abin da ke cikin ƙumar, shekara guda, ƙafarta. Ba ta rage komai ba. Da ta kai wurin ƙafar, Lantana ta zauna a ƙasa daɓas, ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo ɗiyata," ta ce. "Wayyo ɗiyata. Ni ma sai da na soma zargin hannuna. Na ce ko na murza zaren ranar da ba ta dace ba."

Jaki ya yi kuka a gefe.

"Kada ku tafi," in ji Ɗelu.

Lantana ta share ido da gefen zane. "A bakin tafki kika faɗa, gaban mata talatin. Nan kuwa daga ni sai jaki."

"Ara mini matacinki."

"Na giya ne. Ke da kike salla."

"Ara mini."

Lantana ta kwance wani ƙulli, ta zaro shi. Tsohon saƙi ne, ya yi ja saboda dawa, tsaminsa ya cika wurin. Ta jefa mata a cinya.

La'asar sakaliya ce lokacin ɗibar ruwan yamma. Mata sun cika bakin tafki, amma yau ba hira, kowace tana kallon tulunta kamar akwai maciji a ciki. Mushe Ibrahim yana can yana haɗa kwalabensa, ya kasa tafiya. Sai ga Ɗelu da tulu a ka, da jan ƙyalle a kafaɗa. Warin ya riga ta isowa. Wata ta toshe hanci.

Ta sauke tulu a inda ta tsaya ranar bakwai. Ta dubi matan. Ta ɗaga murya.

"Ku da kuka ji ni a nan, ku sake ji. Ba Lantana ba ce. Ba zare ba ne. Ruwana ne, daga ƙafata. Ni na kai mata shi har ƙofa, kullum. Ni na shayar da Ramatu."

Wata tsohuwa ta saki ƙwarya. Shekara ashirin da uku ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Ɗelu. Ita ma kamar ta tsorata da shi. Ta sake faɗa, a hankali, don ta ji yadda yake.

"Ramatu."

Sai kukan ya zo, wanda ba ta yi ba a Maraɗi, ba ta yi ba ranar bakwai. Ta durƙusa da shi, tana ƙoƙarin ɗaura ƙyallen a bakin tulu. Ta ɗaura, ya zame. Ta sake ɗaurawa, ya faɗa ciki. Matan suna tsaye, ba wadda ta san abin yi.

Aka ji taku a baya. Mata suka dare, wannan karon ba wadda ta janye ɗanta.

"Ba haka ake yi ba," in ji Lantana. Ta tsuguna, ta sa hannu cikin tulun ta zaro ƙyallen, ta matse. "Ninka shi biyu ake yi. Riƙe nan."